Kafin ka miƙa kuɗinka: tambayoyi da amsoshi kan binciken halin kamfani

Idan za mu sayi rago mukan buɗe bakinsa mu duba haƙora, mu taɓa gadon baya, mu tambayi dillali daga wace kasuwa aka kawo shi. Amma kwalin madara, buhun shinkafa ko batirin sola, farashi kawai muke tambaya mu ɗauka. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawan tasowa duk lokacin da aka ce wa mutum ya binciki kamfani kafin ya sayi kayansa.

Ni da nake haɗa na cefane da ƙyar, ina ruwana da yadda kamfani ke tafiyar da harkarsa?

Ruwanka ya fi na mai kuɗi yawa. Mai kuɗi ba ya zama kusa da masana'anta, ba ya shan ruwan rafin da ake zuba dagwalo a ciki, ɗansa kuma ba ya aikin lebura a can. Idan kamfani ya rage kashe kuɗi ta hanyar ƙin tace ruwan da yake zubarwa, ko ta hanyar riƙe albashin ma'aikata, kayansa za su yi araha, gaskiya ne. Sai dai wannan ragin da ka samu wani ne ya biya shi, kuma sau da yawa wanin nan maƙwabcinka ne, ko kai kanka ta wata ƙofar, ranar da ka tsaya a layin asibiti.

Ba wanda ya ce ka bar iyalinka da yunwa don neman kaya mai tsabtar asali. Wanda ba shi da zaɓi ba shi da laifi. Magana ce ta lokacin da kaya biyu ke gabanka, farashinsu kusan ɗaya, kuma sanin wani abu kaɗan zai iya karkatar da hannunka.

Wannan ba al'adar Turawa ba ce da ake son ɗora mana?

Tambura da takardun shaida na Turawa ne. Asalin maganar kuwa ta riga su zuwa kasuwanninmu. Hadisin da Muslim ya ruwaito sananne ne: Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tarin hatsi a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, ya ji damshi. Mai hatsin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ya ce masa me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Abin lura shi ne bai tsaya ga abin da aka shimfiɗa a sama ba, ya cusa hannu. Akwai sura guda da ta buɗe da gargaɗin masu tauye mudu, akwai kuma umarnin a biya ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

Mun saba tambayar ko akwai alade ko giya a cikin abu, kuma daidai ne. Abin da ba mu saba ba shi ne tambayar ko akwai haƙƙin wani a ciki.

To daga ina zan fara?

Daga bakin ƙofar masana'antar, idan tana kusa da kai. Wannan ita ce hanyar da ta fi kowace inganci, kuma ita ce aka fi mantawa da ita saboda ba ta buƙatar intanet.

Je wajen mai shayin da ke gefen ƙofar da misalin ƙarfe shida na yamma, lokacin da masu aikin rana ke fita na dare ke shiga. Sayi shayi ka zauna. Ba sai ka yi tambaya da yawa ba. Za ka ga ko masu fitowa suna da takalmin aiki da safar hannu, ko silifas ne a ƙafarsu da tsumma ɗaure a hanci. Za ka ji ko albashi na zuwa ƙarshen wata, domin mai shayi shi ne ya fi kowa sani, littafin bashinsa ne ke faɗa masa. Za ka ji ko mutum ya shekara shida yana aiki amma har yau sunansa ɗan wucin gadi, ba takardar ɗauka, ba asibiti, ba fansho. Za ka ji abin da aka yi wa wanda inji ya cinye wa yatsu. Mafi ƙarancin albashi a dokar Najeriya tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma ya hau kan galibin masu ma'aikata 25 zuwa sama, don haka kana da ma'aunin da za ka gwada abin da ka ji.

Kada ka ɗauka zancen kulle ma'aikata tatsuniya ce ta wasu ƙasashe. A watan Yunin 2020 'yan sanda a Kano sun buɗe wani kamfanin casar shinkafa suka fito da ma'aikata sama da 100 da aka hana fita kusan wata uku, tun farkon dokar kullen korona. Shinkafar da suka casa a waɗannan watanni ta shiga kasuwa, mun saya, mun dafa, mun ci.

Bayan shayin, zagaya bayan katangar ka dubi magudanar ruwa. Wanda ya taɓa bin Challawa, Sharaɗa ko Bompai a Kano ya san launin ruwan da ke fitowa daga wasu masana'antun sarrafa fata da rini, ya kuma san warinsa. Ana jeme fata a masana'antar zamani da gishirin kuromiyom, kuma idan ba a tace ruwan ba yana gangarawa kogin Challawa, ko ya bi Getsi ya haɗe da Jakara, inda masu lambu ke ban ruwan latas, alayyafo da karas. Masu bincike a jami'o'inmu sun daɗe suna auna ƙarafa masu guba a wannan ruwa da ƙasar da ke gefensa. Fatar takan tafi Italiya ko Sifaniya ta zama jaka mai tsada. Latas ɗin kuma yakan zo kan faranti a gidan biki.

Idan kaya na da lambar NAFDAC, ba shi ke nan ba?

Lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, tana amsa tambaya ɗaya: an yi wa wannan kaya rajista, kuma samfurin da aka gwada ya cika sharuɗɗan ci ko sha ko shafawa. Tambarin SON, hukumar tsara ma'aunin ingancin kaya, ma haka, magana ce ta ingancin kayan. Babu ɗayansu da ke cewa komai game da albashin ma'aikaci ko inda ake zubar da shara. Wannan aikin wasu ne: hukumar NESREA da aka kafa a 2007 da ma'aikatun muhalli na jihohi su ke da muhalli, ma'aikatar ƙwadago ke da ma'aikata.

Sannan lamba abu ce da kowane mai injin ɗab'i zai iya bugawa. Ga magani, NAFDAC tana da kundin Greenbook a intanet inda za ka sa suna ko lamba ka ga ko sun dace da abin da ke hannunka, wato sunan maganin, ƙarfinsa da kamfanin da ya yi shi. Wasu magunguna, musamman na zazzaɓin cizon sauro, suna da wurin kankarewa, ka tura lambar ta saƙon tes a ba ka amsa, tsarin da aka fara a 2010. Duba kuma ko akwai cikakken adireshi a jiki. Kamfanin da ya rubuta sunan gari kawai, ba titi ba lambar waya, ba ya son a same shi.

Dalilin duk wannan taka-tsantsan yana da suna. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka mutu a Najeriya bayan an ba su maganin haƙori na My Pikin, wanda aka haɗa da wani sinadari mai kashe ƙoda da aka sayo daga hannun dillalin da ba shi da izini. A 2022 irin wannan guba ta kashe yara kusan 70 a Gambiya ta cikin maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya.

Ina ganin hoton koren kwaɗo ko bishiya a jikin wasu kayan kanti. Me suke nufi?

Tamburan ƙungiyoyi ne masu zaman kansu da ke zuwa su duba gona ko daji su ba da shaida. Koren kwaɗo na Rainforest Alliance ne, an fi ganinsa a ganyen shayi, kofi da cakulan. Bishiya mai alamar maki ta FSC ce, ga katako da takarda. Fairtrade na nufin an biya manomi farashin da ba ya sauka ƙasa da wani mataki, da ƙarin kuɗi ga ƙungiyarsu. RSPO na manja ne. Idan ka ga ISO 14001, ma'anarsa kamfanin yana da tsarin lura da muhalli a rubuce kuma an duba tsarin, ba ya nufin ruwan da ke fita daga bututunsa ya yi tsabta.

Sun fi babu, amma kada ka ɗauke su kamar wahayi. Kamfanin ko manoman ne ke biyan kuɗin dubawar, kuma galibi an san ranar da mai dubawa zai zo. Cakulan ya isa misali. Gana da Kwaddibuwa ke noma fiye da rabin kokon cakulan na duniya. A 2001 manyan kamfanonin cakulan suka sa hannu kan alkawarin kawar da mafi munin aikin yara a gonakin. A 2020 wani bincike na cibiyar NORC ta Jami'ar Shikago ya ƙiyasta yara miliyan 1.56 na aikin ƙarfi a gonakin ƙasashen biyu, da adda da feshin magani da ɗaukar kaya masu nauyi. Shekara 19 ke nan tsakanin alkawari da wannan lissafi, kuma a tsawon lokacin tambura sai ƙaruwa suke a jikin kwali.

Kamfanin yana dasa bishiyoyi, yana gina rijiyar burtsatse, yana rabon shinkafa da azumi. Wannan bai isa shaida ba?

Bai isa ba. Kyauta daban, biyan haƙƙi daban. Mutum na iya raba buhu dubu a gaban kyamara alhali direbobinsa na bin sa albashin wata uku. Tambayar da ta dace ita ce yadda ya samo kuɗin, ba yadda ya raba ɗan abin da ya ga dama ba.

Kalmomi irin su "na halitta", "mai kare muhalli", "tsantsa", da koren fenti da hoton ganye, duk ba su da ma'auni, kowa na iya sawa. Abin nema shi ne magana mai adadi da kwanan wata wadda wani na waje ya tabbatar. Kamfanin Volkswagen ya shekara da shekaru yana tallan motocinsa masu shan man dizal a matsayin masu tsabtar hayaƙi. A watan Satumban 2015 hukumar muhalli ta Amurka ta bayyana cewa an sa wa motocin wata manhaja da ke gane lokacin da ake gwaji ta rage hayaƙi, da an hau titi kuma sai ta saki, har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Motoci miliyan 11 abin ya shafa. Waɗanda suka fara gano shi wasu 'yan tsirarun masu bincike ne daga wata jami'a a jihar West Virginia, waɗanda suka ɗaura na'urar awo a bayan mota suka shiga hanya da ita maimakon su tsaya a ɗakin gwaji. Su ma hannu suka cusa cikin hatsi.

Idan babban kamfani ne, ga dabara mai sauƙi: rubuta sunansa a Google tare da kalma kamar tara, kotu, yajin aiki ko gurɓata, da Turanci ko Faransanci, ka ga abin da jaridu da kotuna suka ce. Ka lura kuma da yadda ya amsa. Wanda ya janye kaya daga kasuwa ya biya diyya ba ɗaya yake da wanda ya aika lauyoyi ba.

Ai kayan manyan kamfanonin waje sun fi aminci, ko?

Suna ɗaya, gwangwani ɗaya, amma abin ciki yakan bambanta da ƙasar da za a kai. A watan Afrilun 2024 wata ƙungiya a Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da sakamakon gwajin Cerelac, abincin jarirai na kamfanin Nestlé, daga ƙasashe da dama. Ta samu wanda ake sayarwa a Afirka, Asiya da Latin Amurka an ƙara masa sukari, kusan giram 4 a kowane ci idan aka yi matsakaici, alhali irinsa a Jamus da Birtaniya ba a ƙara ba. Nestlé ya amsa da cewa yana bin dokokin kowace ƙasa. Mai yiwuwa hakan ne, kuma nan matsalar take: inda doka ta yi sako-sako, kamfani yakan tsaya daidai inda ta tsaya. Uwar gida, juya gwangwanin ki karanta jerin abin da aka haɗa. Ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka idan sukari ya zo na biyu ko na uku kin san matsayinsa.

To na gida fa? Sayen kayan ƙaramin mai sana'a ba shi ne mafita ba?

Ina son sayen na gida, kuɗin yana zama cikin gari, kuma idan an cuce ni na san ƙofar da zan buga. Amma ƙanƙanta ba ta wanke kowa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Turawa sun ƙi, waken bai koma gona ba, mu muka yi ƙosai da alale da shi. Ba wani katafaren kamfani ne ya zuba maganin ba, 'yan uwanmu ne a rumbu da shago. Haka manjan da ake ƙara wa jan rini, da ayaba da mangwaron da ake nunarwa da kabaid na masu walda, da burodin da ake kumburawa da buromet duk da an haramta shi tun zamanin da Dora Akunyili ke shugabancin NAFDAC.

A nan binciken ya fi sauƙi, don mai kayan yana gabanka. Na taɓa tambayar wani mai wake da me yake ajiya, sai ya tashi ya jawo buhu ya kwance mini: leda biyu masu kauri a ciki, kowace an ɗaure bakinta daban, sannan buhun saƙa a waje. Irin buhun nan ne mai ciki uku da ke toshe iska har ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba. Ya ce buhun ya fi tsada amma yana yin shekara biyu zuwa uku. Na kusa da shi da na yi wa irin wannan tambaya cewa ya yi, "Alhaji, in za ka saya ka saya." Ban ce ya zuba komai ba, ban gani ba. Amma tun ranar na san inda nake awo. Wake mai warin magani, ko wanda ya kwana biyu a buɗe ba ko ƙuda a kansa, a bar shi.

Waya, batiri, gwal: abubuwan da suka ratsa hannu ɗari kafin su zo gare ni. Yaya zan bi sawunsu?

Ba za ka iya ba, kuma kamfanonin da kansu da ƙyar suke iyawa. Kusan kashi 70 cikin 100 na ma'adinin kobal da ake sawa a batirin waya daga Kwango yake fitowa, kuma rahoton Amnesty International na 2016 ya nuna yara 'yan shekara bakwai suna aiki a wuraren haƙarsa. Gwal kuwa da zarar an narka shi, ba mai iya cewa daga wane rami ya fito. Mu ne ya kamata mu fi kowa sanin kuɗin wannan: a 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Bagega, Dareta da 'Yargalma, saboda ana niƙa dutsen gwal a cikin gida, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe.

Inda kake da iko na gaske shi ne tsawon amfani da kuma ƙarshen kayan. Wayar da ka riƙe shekara huɗu ka canza mata batiri da gilashi a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ta fi wadda ka canza duk shekara, ko wane kamfani ya yi ta. Batirin sola da na inbata kuwa, yanzu da gidaje da yawa ke sawa, sau da yawa cike yake da dalma. Idan ya mutu muna sayar wa 'yan gwangwan, su fasa da gatari, su tsiyayar da ruwan a ƙasa, a narka dalmar a fili ko a masana'antar da ba ta da matatar hayaƙi. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar irin wannan sana'a ta kashe yara 18 tsakanin 2007 da 2008. A Ogijo ta jihar Ogun ma an auna jinin mazauna kusa da irin waɗannan masana'antu an samu dalma mai yawa. Don haka tambayi mai sayar maka da batiri ko yana karɓar tsoho, kuma ina yake kai shi. Kada ka bari a fasa shi a tsakar gidanka ko a layinku.

Tufafi fa? Gwanjo ya fi sabo?

Ta fuskar muhalli, rigar da aka riga aka ɗinka ta fi wadda za a ɗinka sabuwa. Sai dai dilar gwanjo tana zuwa da sharar wasu a ciki. A kasuwar Kantamanto ta Akara ana ƙiyasta tufafi miliyan 15 ke shigowa duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 ba sa sayuwa, bola da bakin teku suke ƙarewa. Ɗan kasuwar da ya sayi dila a rufe shi ke ɗaukar asarar.

Sabbin kayan masu arahar ban mamaki kuma suna da nasu labarin. Ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza mai hawa takwas ya rufta a kusa da Daka, babban birnin Bangaladash, mutum 1,134 suka mutu, yawancinsu mata masu ɗinki. An ga tsagewar bango tun jajiberin ranar, banki da shagunan ƙasa suka rufe, masu ɗinki aka ce su koma bakin keke. Bayan haka ne kamfanoni fiye da 200 suka sa hannu kan yarjejeniyar duba gine-gine wadda ke da ƙarfin doka. Mu da muke kai yadi wajen tela mun ɗan tsira daga wannan, tunda mun san wanda ya ɗinka. Saura mu biya shi a kan lokaci.

Ledar ruwa da robar lemo: laifin kamfani ne ko namu?

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ke jefarwa a lambatu, su kuma ke zuba miliyoyi a kasuwa ba tare da tanadin kwashewa ba. Tambayi kowane mahauci a kwata abin da yake cirowa daga tumbin saniyar da ta yi kiwo a cikin gari: dunƙulen leda baƙi, a murɗe kamar igiya. Nijar ta yi dokar hana irin wannan leda tun 2014, Legas ta hana robar zuba abinci mai kumfa a farkon 2024, amma doka a takarda ba ta kwashe kwata. Inda akwai lemon kwalba da ake mayarwa, ko babbar jarkar ruwa da ake sake cikawa, su suka fi. Kwandon cefane na iyayenmu ma bai yi laifin komai ba da muka yar da shi.

An turo mini saƙo a WhatsApp cewa wani kaya na kashe mutane, a yaɗa. In tura?

Dakata tukuna. Duba ko akwai kwanan wata, ko an faɗi hukumar da ta yi gwajin, ko kuma sanarwar tana shafin hukumar da kanta. Saƙon da ya ƙare da "don Allah ka tura wa mutum goma" kusan kullum ba shi da tushe, kuma wani lokaci abokin gasa ne ya ƙirƙira.

Ko labarin gaskiya ne, a duba wace ƙasa da wane samfuri. A watan Afrilun 2023 hukumomin Taiwan da Malesiya suka sami wani sinadari mai haɗari a wani nau'in Indomie da aka yi a Indunusiya. Labarin ya karaɗe wayoyinmu kamar a Kano aka gano shi. NAFDAC ta ɗebi samfuri daga masana'antu da kasuwannin Najeriya ta gwada, ta ce ba ta sami sinadarin a taliyar da ake yi a gida ba. Wanda ya yaɗa ƙarya kan kayan mutum ya ci haƙƙinsa da na ma'aikatansa, daidai da abin da yake zargin kamfanin da yi.

Ƙaurace wa kayan kamfani yana canza wani abu kuwa?

Yana yi idan akwai buƙata takamaimiya da kuma juriya. Ƙauracewar da aka fara yi wa Nestlé a Amurka a 1977, kan yadda ake tallan madarar jarirai a ƙasashe matalauta har iyaye mata na barin shayarwa suna dama madara da gurɓataccen ruwa, ta taimaka wajen samar da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1981 da ta taƙaita irin wannan talla. Shekara huɗu ana abu ɗaya da manufa ɗaya. Fushin mako biyu wanda ba a gaya wa kamfani abin da ake so ya gyara ba, yawanci ɗan kiri ne kawai ke kwana da kaya a shago, a bar jaki ana dukan taiki.

Kuma mai saye ɗaya ba kamar mai sayen dubu ba ne. Shugabar makarantar kwana, mai gidan abinci, kwamitin masallaci ko coci da ke sayen kayan rabo, ɗan sari a kasuwar Singa ko Dawanau: idan ɗayansu ya ce wa dila ba zai ƙara ɗauka ba sai an nuna masa takarda, maganar tana isa ofishin manaja a ranar.

Na gano matsala da idona. Ina zan kai, kuma zan iya rubutawa a Facebook?

Fara da adana shaida: kayan da kansa, kwalinsa, lambar rukunin da aka buga kusa da ranar lalacewa, rasit idan akwai, da hoto mai nuna rana da wuri. Abinci, magani da man shafawa na NAFDAC ne, kuma tana da ofis a kowace jiha. Cutar mai saye, kamar tauye awo ko tallan ƙarya, na hukumar FCCPC ne. Hayaƙi da dagwalo na NESREA ne da ma'aikatar muhalli ta jiha, kuma ƙorafin da ya zo da sa hannun mai unguwa da mutum talatin ya fi na mutum ɗaya nauyi nesa ba kusa ba. A Gana hukumar FDA ke karɓar na abinci da magani. Rubuta a takarda, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka riƙe.

Rubutu a intanet kuwa, a yi hattara. A watan Satumban 2023 an kama wata mata a Legas bayan ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya cika sukari, aka gurfanar da ita ƙarƙashin dokar laifukan intanet, shari'ar ta ja dogon lokaci. Mutane da yawa sun ga an wuce gona da iri, ni ma haka na gani, amma abin ya faru. Faɗi abin da ka gani kawai: na saya ranar kaza a wuri kaza, ga hoton abin da na tarar, na kai ƙara ofishi kaza. Kalmomi irin su "guba" da "suna kashe mutane" ka bar wa ɗakin gwaji, sai sakamako ya fito ka sa shi a ƙarƙashin hoton.